Gado ne ko Sani? Tambaya a kan Zama Ɗan Ƙasa, daga Kanada zuwa Rumbu

A ƙasar Kanada, baƙon da ya nemi zama ɗan ƙasa ba a karɓarsa sai ya zauna jarrabawa. Idan shekarunsa sun kama daga 18 zuwa 54, kuma ya cika kwana 1,095 a cikin ƙasar a tsakanin shekaru biyar da suka gabaci buƙatarsa, to za a yi masa tambayoyi 20, da Faransanci ko da Ingilishi, a kan tarihin ƙasar da tsarin mulkinta da dokokinta, da kuma haƙƙoƙi da wajibai na ɗan ƙasa. Sai ya amsa 15 daidai kafin a kira shi ya yi rantsuwa. Gwamnati kuwa ba ta bar shi yana lalube ba. Akwai ɗan littafin da take bayarwa kyauta, wanda ya fito a 2009, kuma daga cikinsa ake ciro tambayoyin. A nan mai nema zai ga cewa ranar 1 ga Yuli 1867 aka haɗa tarayyar, cewa a 1982 aka shigar da kundin haƙƙoƙi da 'yanci cikin tsarin mulki, cewa mai sarautar Ingila ne shugaban ƙasa a suna, alhali ragamar gwamnati tana hannun firaminista. Duk ɗan Nijar da ya yi zamansa a Montiriyal ko Otawa har ya so ya riƙe fasfo na biyu, abin da dokar Nijar ta halatta tun 2014, ta wannan ƙofa zai bi.

A ƙaramar hukumar Rumbu, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, jaririn da aka haifa a bukkar manomi ko a rugar makiyayi ɗan Nijar ne tun daga kukansa na farko. Ya gaji ƙasar daga ubansa, ko kuma daga uwarsa, tun da gyaran dokar 1999 ya daidaita iyaye biyu a wannan fanni. Zai iya tsufa har ya mutu ba wanda ya taɓa tambayarsa ranar da aka kafa jamhuriya, ko bambancin aikin alƙali da na jandarma. Ga mutum biyu ke nan, kowanne ana kiransa ɗan ƙasa: ɗaya ya samu da karatu da rantsuwa, ɗaya ya tarar. Tambayar da ta taso a nan tsohuwa ce, amma ba ta tsufa ba. Shin zama ɗan ƙasa gado ne kamar gona, ko kuwa sani ne kamar sana'a? In gado ne, me ya sa ake jarraba baƙo? In kuwa sani ne, mene ne matsayin wanda bai sani ba?

Hujjar masu jarrabawa tana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Baƙon da ya nemi shiga wata al'umma ƙulla alkawari yake yi, alkawari kuwa ba ya inganta a kan abin da ba a sani ba. Duk almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa sayen abin da aka jahilci siffarsa ko adadinsa ɓatacce ne, Bahaushe ma ya riga ya hana cinikin biri a sama. Wanda zai ɗaga hannu ya yi rantsuwar bin dokokin wata ƙasa, adalci ne a gare shi da kuma ga ƙasar a tabbata ya san abin da yake rantsuwa a kansa. Akwai kuma wata fuska da ba a cika lura da ita ba. Littafin da gwamnati ta rubuta don ta jarraba baƙo, ita ma ya ɗaure ta. Ranar da ta buga cewa kowa yana da 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki, kuma ba a tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, har ta tilasta wa baƙo ya haddace, to ta miƙa masa igiyar da zai kama ta da ita gobe.

Sai dai a 2007 wata cibiyar nazarin tarihi ta Kanada ta sa aka yi wa jama'a irin waɗannan tambayoyi, sai aka tarar kimanin shida cikin goma na 'yan ƙasar sun faɗi, alhali yawancin waɗanda suka zo daga waje sun ci. Ba wanda ya ce a karɓe takardun waɗanda suka faɗi, kuma daidai ne da ba a ce ba. Amma wannan ya tona wani asiri: al'ummar da ke neman sani daga baƙo ba ta nemansa daga ɗanta. An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa ce ake tambaya dalilin zuwanta. Kaba kuwa saiwarta ita ce hujjarta. Ke nan jarrabawar ba ma'aunin cancanta ba ce a haƙiƙa. Ta fi kama da kayan gaisuwar da baƙo ke ajiyewa gaban mai gari, alamar cewa ya zo da niyyar zama, ya kuma girmama waɗanda ya tarar.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba, domin littafin jarrabawa hoton da ƙasa ta zana wa kanta ne, mai zanen kansa kuwa ba ya son zana tabonsa. Mutanen asali na Kanada, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, da yawansu ba su sami damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba tare da sun sarayar da matsayinsu ba sai a 1960. An shafe fiye da ƙarni ana raba 'ya'yansu da iyayensu ana kai su makarantun kwana don a kankare musu harshe da al'ada. Sai a 2021 aka gyara kalmomin rantsuwar zama ɗan ƙasa aka ambaci haƙƙoƙinsu da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da su. Wanda ya ci jarrabawa kafin wannan shekara ya amsa abin da aka tambaye shi daidai, amma wanda ya tsara tambayar shi ya zaɓi abin da za a sani da abin da za a tsallake.

Lokacin da sani ya zama shinge

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin jarrabawar zama ɗan ƙasa ba ne. Kakanninsu sun gan ta, kuma mafi muninta suka gani. A zamanin mulkin mallaka Faransa ta raba mutanen Afirka ta Yamma gida biyu. Akwai 'yan ƙasa, waɗanda galibinsu haifaffun garuruwa huɗu ne na Senegal, akwai kuma talakawan mallaka, waɗanda kwamanda ke da ikon ɗaurewa ko cin tara ba tare da shari'a ba, kuma a kansu aikin tilas ya hau. Wata doka ta 1912 ta buɗe ɗan ƙaramin taga: talaka zai iya neman zama ɗan ƙasar Faransa idan ya iya karatu da rubutu da Faransanci, ya yi wa hukuma hidima ta shekaru, aka shaide shi da hali, ya kuma yarda ya bar shari'ar gidansu a al'amuran aure da gado. A wajen 1936, cikin mutane kimanin miliyan 15 na yankin, waɗanda suka shiga ta wannan taga a wajen garuruwan Senegal ɗin nan wajen 2,000 ne kacal. Ba a soke aikin tilas ba, ba a kuma kira kowa ɗan ƙasa ba, sai a 1946, da dokokin da ke ɗauke da sunayen Houphouët-Boigny da Lamine Guèye. Shekara guda bayan haka, a 1947, aka kafa barikin Dakwaro.

Abin lura a nan shi ne wanda ya gina makarantu 'yan kaɗan shi ne kuma ya sa karatu ya zama sharaɗin 'yanci. Ya hana ruwa, sa'an nan ya ce sai mai wanka zai shiga fada. Irin wannan dabara aka yi amfani da ita a kudancin Amurka, inda aka riƙa yi wa baƙaƙen fata jarrabawar karatu a bakin rumfar zaɓe don a kore su, har sai da dokar 1965 ta taka wa abin birki. Duk inda aka mai da sani sharaɗin samun haƙƙi, mai riƙe da alƙalamin gyaran jarrabawa shi ke zaɓen wanda zai zama mutum.

Don haka idan aka ji wani ɗan boko a Maraɗi ko Yamai yana cewa ai bai kamata wanda bai iya karanta sunan ɗan takara ba ya yi zaɓe, to maganar kwamanda yake maimaitawa, ko da bai sani ba. Yakan kafa hujja da cewa jahili na sayar da ƙuri'arsa da sabulu ko turmin zane. Gaskiya ne ana saya. Amma mai digiri ma ana sayensa, farashin ne kawai ya bambanta: shi da kujera ko kwangila ake biyansa. Kuma matar da ke tafiyar rabin yini neman ruwa ba ta buƙatar littafi kafin ta san ko an cika alkawarin rijiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, in an yarda cewa ba a hana mutum haƙƙinsa don bai sani ba, shin maganar ta ƙare ke nan? Ba ta ƙare ba, a nan ma ta fara nauyi.

Abin da rashin sani ke ci a bakin Tarka

Rumbu tana yankin Kwarin Tarka, inda ƙasar noma ke ƙarewa ƙasar kiwo ta fara. Hausawa manoman gero da wake, da Fulani da Abzinawa masu shanu da raƙuma da tumaki, rijiya ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci. A irin wannan wuri doka ba zancen littafi ba ce. A watan Mayu 1961 gwamnatin Diori Hamani ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta keɓe abin da ke bayanta don kiwo. Fari na 1973 da na 1984, da ƙaruwar jama'a da gajiyar gonakin kudu, suka riƙa tura manoma arewa, gona bayan gona, har layin ya zama abin da ke kan takarda kawai a wurare da dama. A ranar 2 ga Maris 1993 aka fito da kundin dokokin karkara, wanda ya amince da mallakar gona ta hanyar al'ada kamar yadda ya amince da ta takarda, ya ba makiyayi fifikon amfani da mazauninsa na asali ba tare da ikon hana wasu ba, ya kuma tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda ke ba da takardar shaidar saye ko kyauta ko aro ko jingina. A ranar 20 ga Mayu 2010 wata dokar ta musamman a kan kiwo ta bayyana cewa yawon makiyayi da dabbobinsa haƙƙi ne na asali wanda hukuma ta lamunce, ta kuma sake tabbatar da iyakar 1961.

Waɗannan dokoki uku sun fi kusa da rayuwar mutumin Rumbu fiye da sunan kowane minista. Makiyayin da bai san cewa burtali da mashaya na jama'a ne ba, idan ya tarar an nome su zai yi ɗaya cikin biyu: ko ya juya da garkensa cikin baƙin ciki, ko ya kutsa da sanda a hannu. Manomin da bai san cewa hukuma ce ke tsai da ranar sakin gonaki kowace shekara ba, kuma ɓarnar da aka yi kafin ranar tana da hanyar ƙiyasi da biya, zai ɗauki doka a hannunsa. Wanda bai san cewa rikicin gona sai ya fara biyawa ta gaban sarki don sulhu, a rubuta abin da aka cimma, kafin ya je gaban alƙali ba, zai yi asarar kuɗin mota da na masauki a banza. Gwauruwar da aka ba mijinta aron gona shekara talatin ba takarda, ranar da ya rasu za ta gane bambancin aro da kyauta. A duk waɗannan, wanda ya san doka, ko ya yi da'awar ya sani, shi ke cin wanda bai sani ba, kuma sau da yawa tarar da ake karɓa a daji ba ta da rasit. A watan Oktoba 1991, daidai lokacin da wakilan babban taron ƙasa ke zaune a Yamai suna tsara sabuwar dimokuraɗiyya, aka kashe Fulani fiye da ɗari a Toda, cikin wannan jiha ta Maraɗi, yawancinsu mata da yara. Ba za a ce rashin sanin sashen doka kaɗai ya jawo wannan ba. Amma ranar ta nuna nisan da ke tsakanin zauren da ake rubuta haƙƙin ɗan ƙasa da ƙauyen da maƙwabci bai ɗauki maƙwabcinsa ɗan ƙasa irinsa ba.

Labarin Hadizatu Mani ya isa misali. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12. A 2003 Nijar ta mai da bautarwa babban laifi a dokar hukunta laifuka, amma dokar ba ta taka da ƙafarta ta shiga gidan da ake tsare da ita ba. Sai da ƙungiyar Timidria da lauyoyi suka tsaya mata, har a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke cewa ƙasarta ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. 'Yar ƙasa ce tun haihuwa, ba wanda ya taɓa musun haka. Amma tsakanin haƙƙin da ke rubuce da haƙƙin da ke hannu akwai tafiya, kuma sani ne guzurin tafiyar.

Ko gadon kansa yana neman shaida. Yaron da aka haifa a daji ba a kai sanarwar haihuwarsa cikin wa'adin doka ba, zai yi karatu lami lafiya har ranar da za a nemi takardar haihuwa don jarrabawa. Daga nan sai neman hukuncin alƙali da shaidu, ko jiran ranar da kotun tafi-da-gidanka za ta zo yankin. Kowane malamin makarantar karkara ya san ɗalibi mai ƙwazo da wannan takarda ta tsayar. Shi ma an yi masa jarrabawar zama ɗan ƙasa, sai dai ba a ba shi littafi ba, ba a kuma gaya wa iyayensa ranar zamanta ba.

Daga nan amsar tambayar farko ta fara bayyana. Zama ɗan ƙasa gado ne, kuma ba a jarraba magaji kafin a ba shi rabonsa. Amma gadon maraya ne, wanda ke hannun waliyyi. Waliyyin da ya riƙe dukiyar maraya bai taɓa gaya masa yawanta ba, bai nuna masa iyakar gonar ba, ya ci amana ko da bai taɓa ƙwayar hatsi ɗaya ba. Sanin tarihi da tsarin mulki da haƙƙoƙi bashi ne a wuyan hukuma da duk wanda ya yi karatu da kuɗin jama'a. Kanada tana neman wannan sani daga baƙo bayan ta ba shi littafi da darasi. A Rumbu tambayar da ta dace ita ce wa ya karɓi littafin, wa ya hana.

Me za a koyar, alhali amsa tana sauyawa?

A nan malamin makaranta zai yi wata tambaya mai wuya, kuma yana da gaskiya. Ɗalibin Kanada da ya haddace 1867 da 1982 zai mutu da amsarsa daidai. Malamin Nijar da ya fara aiki a 1990 kuwa ya koyar da jamhuriya ta biyu, ya goge allo ya rubuta ta uku bayan tsarin mulkin 1992, ta huɗu a 1996, ta biyar a 1999, ta shida a 2009, ta bakwai a 2010. Sojoji sun karɓi mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da kuma ranar 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka dakatar da tsarin mulkin 2010. Ƙananan hukumomi irin su Rumbu, waɗanda dokar 2002 ta ƙirƙira, sun zaɓi kansilolinsu karo na farko a watan Yuli 2004. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi. A watan Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa. Ko taken ƙasa, wanda wani Bafaranshe ya rubuta baitocinsa a 1961, an sauya shi a 2023. Wace amsa yaro zai haddace?

Akwai malaman da wannan ya sa suka mai da darasin tarbiyyar ɗan ƙasa haddar launin tuta da taken nan na zumunci da aiki da ci gaba, don su ne ba sa jawo wa kowa magana. Ana iya fahimtar tsoronsu, amma ba a iya yaba zaɓinsu. Sauye-sauyen nan su ne darasin. Yaron da aka gaya masa cewa an yi jamhuriya bakwai, aka kuma bayyana masa abin da ya kashe kowacce, da abin da mutane suka nema a babban taron 1991, da yadda neman tazarce ya ƙare a 2010, ya fi wanda ya haddace sashe ɗari sanin ƙasarsa. Bayan haka akwai abubuwan da suka tsallake dukan juyin: dokar iyakar noma ta girmi jamhuriyoyi shida, kundin karkara ya ga shugabanni da dama sun zo sun wuce, takardar haihuwa ba ta san wanda ke fadar shugaban ƙasa ba, haramcin bautarwa yana nan. Wanda ya ce ba abin koyarwa don tsarin mulki na sauyawa, ya manta cewa yawancin haƙƙin da talaka ke taɓawa da hannunsa a ƙananan dokokin nan yake.

Wani al'amari na 2024 ya ƙara wa tambayar kaifi. A shekarar an kafa dokar da ta ba da damar janye wa mutum shaidar zama ɗan ƙasa idan ana tuhumarsa da ta'addanci ko cutar da manyan muradun ƙasa, aka kuma yi amfani da ita, na wucin gadi, a kan wasu manyan jami'an gwamnatin da aka kifar. Ƙasa tana da haƙƙin kare kanta, mai laifi kuma a hukunta shi. Amma in an ce gado ne, to gado ba lada ba ne da ake bayarwa don kyan hali a karɓe don muninsa. Ɗan da ya yi sata ana hukunta shi ne a matsayin ɗa, kuma kasancewarsa ɗa ita ce ta ba gidan ikon hukunta shi. Al'ummar da 'ya'yanta suka san wannan bambanci ita ce za ta iya auna irin wannan mataki da hankali, ko ta goyi baya ko ta ƙi.

Sai maganar harshe, wadda ita ce gindin komai. Dukan dokokin da aka ambata da Faransanci aka rubuta su, harshen da mafi yawan waɗanda dokokin suka shafa ba sa ji. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, kundin 2025 kuma ya ɗaga Hausa ya kira ta harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Masu kishin Hausa sun yi murna, kuma da dalili. Sai dai murnar tana da sharaɗi biyu. Na farko, suna a kundi ba ya fassara ko sashe ɗaya. Sai an zauna an yi aikin, an samo kalmomin da tsohuwa za ta ji ta gane, ba Faransanci sanye da rigar Hausa ba. Na biyu, a Rumbu kanta akwai gidajen da Fulatanci ko Tamajak ne harshen uwa. In Hausa ta hau kujerar da Faransanci ya tashi a kai ta riƙa tambayar mutane ko sun iya ta kafin a saurare su, to an sauya mai gadi ne kawai, shingen yana nan.

Hanyar kai sani ga mai shi ba sabuwa ba ce a wannan ƙasa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tsara jajis, mata masu ilimi da ke bin ƙauyuka suna kai karatu har cikin gida, da waƙoƙin da ake haddacewa cikin harshen da mata ke ji. A farkon shekarun 1960 Nijar ta kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a naɗi muryarsu a mayar wa gidan rediyo. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Ƙungiyar makiyaya ta AREN, wadda aka kafa a 1990, ta shafe shekaru tana bayyana wa makiyaya dokokin kiwo. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne ba su jira mutum ya zo ya ci jarrabawa ba. Su suka je inda yake. Ƙungiyar al'adu da ke iya shirya wasan kwaikwayo a kan auren dole tana iya shirya wani a kan jinginar gona, kuma malamin da ke da allo da alli yana iya tara iyaye ranar kasuwa ya karanta musu abin da doka ta ce a kan sanarwar haihuwa.

Akwai kuma wani juyi da misalin Kanada ke jawowa, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. In ƙa'idar ita ce baƙon da ya zo zama cikin mutane ya nuna ya san su, to wane ne baƙo a Rumbu? Ba makiyayin da kakansa ya haƙa rijiya a kwarin ba ne. Baƙo shi ne ma'aikacin da aka turo daga nesa da takardar naɗi: kantoma, jandarma, malamin gona, malamin asibiti, har da malamin makaranta. Shi ya san lambar doka da ranar da aka sa mata hannu. Su kuwa sun san wanda ya haƙa kowace rijiya da wanda ke da fifikon shayarwa a cikinta, sun san ta inda burtali ya bi kafin a nome shi, da sunan da aka laƙaba wa kowace shekarar yunwa, da gidan da ya sauki wane gida lokacin da shanu suka ƙare a 1984 da 2010. Wannan ma tarihi ne, tsarin mulki ne, haƙƙoƙi ne, ko da ba a buga shi a jaridar gwamnati ba. Kundin 1993 da kansa ya amince da haka tun da ya karɓi shaidar al'ada, ya kuma zaunar da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya da mata a kwamitocin filaye. Ma'aikacin da ya yanke hukunci a kan mashaya bai san tarihinta ba ya yi cinikin biri a sama da dukiyar wasu.

Da za a rubuta wa Rumbu littafin tambayoyi 20, da sai a raba shi biyu. Goma na farko a buga su da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a karanta su a rediyo da bakin rijiya, ba don a kayar da kowa ba: ina ake kai sanarwar haihuwa, wa ke da ikon cin tara da kuma takardar da ya wajaba ya bayar, ina ake ɗaukaka ƙara in sulhun sarki bai gamsar ba. Goma na biyu kuwa a ajiye su a ofishin ƙaramar hukuma don duk wanda aka turo aiki, dattawan gari da matan da ke jan guga su zauna su saurari amsarsa kafin ya buɗe jakarsa.